Tsagar Bangon Gabas: Nazarin Gyaran Wani Tsohon Soro a Ƙasar Zazzau

Asalin gidan, wajen 1921

Gidan yana wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar Zazzau, kan tsohuwar hanyar da fatake ke bi zuwa Kano. A cikinsa aka haifi mahaifiyata. Ni ba na cikin magada, shi ya sa da aikin gyara ya taso aka yarda in riƙe littafin lissafi, kuma daga littafin nan da bakin dattawan gidan na haɗa wannan bayani.

Wanda ya gina shi falke ne, da goron Gwanja ya fara. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, kasuwa ta juya, sai ya koma awon auduga da gyaɗa, a nan ya yi arziki. Babu takardar da ta nuna shekarar ginin. Tsofaffi dai suna cewa shekara 7 bayan yunwar Kakalaba ta 1914 aka ɗaure zauren, wato wajen 1921. Maginin daga birnin Zariya aka ɗauko shi, garin da sana'ar ta yi tashe tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830.

Abin da ya rage na ginin asali shi ne zaure, shigifa, da ɗan bene a kan shigifar. Zauren mita 5 ne kowane gefe daga ciki, tsayinsa a tsakiya ya kusa mita 5. Kaurin bango a gindi santimita 90 ne, yana tafiya yana sirancewa har ya koma kamar 40 a wajen rawani, wato saman bangon da ya kewaye rufi. Da tubali aka yi shi, irin mulmulallen nan mai kama da ƙwai, ana jera shi tsininsa sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufin ɗaurin guga ne: bakan gizo biyu sun taso daga bango huɗu sun gitta a tsakiya, inda aka lika tasar tangaran. Dalilin bakan gizon a fili yake. Azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazara ta wuce kamar mita 2, don haka magina ke ɗaure ta hawa-hawa, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasa, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a sama. Ƙofar zauren yamma take kallo. Bangon gabas shi ne bayansa, kuma shi ke karɓar dukan ruwa, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa.

Yadda ake riƙonsa har zuwa 1975

Shekara 50 da ɗoriya gidan bai san wani babban gyara ba, sai na shekara-shekara. Da bazara, kafin ruwan farko, maigida zai kira magini ya hau rufi ya toshe tsagogi, ya gyara bakin indararo, ya ɗaga zankwayen da suka zaizaye. Bangon waje ana shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da jar ƙasa. Rufi da rawani da bangon gabas kuwa laso ake yi musu, duk bayan 'yan shekaru: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Duka ukun a cikin garin ake samunsu. Gindin bango kuma akwai dakali da ya kewaye shi, na zaman hira ne, amma shi ke tare fantsamar ruwa.

Gwaggona, wadda ta haura 80, ta ce ranar yaɓe kamar ranar biki ce, har fura ake damawa a ƙwarya babba. Yara su ɗebo ruwa, samari su taka ƙasa.

1975 zuwa 2011: siminti, gado, da titi

Abu uku suka canja a wannan tsakani, ba wanda aka ɗauka matsala a lokacinsa.

Na farko siminti. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, a 1975, babban ɗan gidan, malamin makaranta a lokacin, ya so ya hutar da mahaifinsa wahalar yaɓe. Ya sa aka yi wa fuskar zauren da bangon gabas filastar siminti mai kaurin kamar santimita 3, aka kafa ƙusoshi a jikin ƙasar don ta kama. An rushe dakalin gabas don filastar ta sauka har ƙasa. Ɗakunan cikin gida aka yi musu kwano. Kowa ya yaba. Ba za a ga laifinsa ba, zamanin ke nan, kuma marinar garin ta riga ta fara mutuwa, katsi ya yi wuya.

Na biyu gado. Kakanmu ya rasu a 1998, ya bar 'ya'ya 11. An raba ɗakuna da gonaki, zaure da shigifa aka bar su na kowa. Daga shekarar ba a ƙara hawa rufin da niyyar gyara ba. Wanda ke Kaduna yana ganin na gida za su yi, na gida suna jiran saƙo daga Kaduna.

Na uku titi. A 2009 aka zuba wa hanyar da ta bi ta gabas da gidan ƙasa aka yi mata kwalta, ta ɗaga da kamar santimita 40. Da can ruwa daga gidan yake gangarawa hanya. Yanzu daga hanya yake gangarowa gindin bangon gabas ya kwanta, wani lokaci kwana biyu kafin ƙasa ta shanye.

Daminar 2012: tsaga ta farko

A watan Agustan 2012, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a sassa da yawa na Nijeriya, aka ga tsaga a cikin zauren, a kusurwar arewa maso gabas. Ta taso daga kusa da ƙasa ta yi sama kamar mita 2, faɗinta tsinken ashana. Bangon daga ciki ya yi duhu har ƙugun mutum, yana warin danshi, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikinsa.

An kira mai aikin bulo. Ya sassaƙe tsagar, ya cika ta da siminti, ya kuma yi wa bangon gabas filasta daga ciki har tsayin mita 1.5 don a daina ganin danshin. Buhu 4 aikin ya ci. Danshi ya ɓace daga ido. Da daminar 2013 ta zo, sai ga shi ya bayyana a saman sabuwar filastar, wato ya ƙara hawa, tsagar kuma ta sake buɗewa a gefen cikon.

2016 da 2020: leda a rufi, bulo a bango

A 2016 rufin ya fara yoyo ta wajen ƙafar bakan gizon gabas. Aka sayo baƙar leda mai kauri aka shimfiɗa a kan rufin gaba ɗaya, aka danne da ƙasa da duwatsu. Damina ɗaya ta yi aiki. Rana ta dafa ledar inda ƙasa ta zame, ta tsattsage, ruwa ya riƙa shiga ta huda ya kwanta a ƙarƙashi. Bakin indararo biyu kuma ledar ta naɗe ta toshe su, ruwa ya koma malala ta kan rawani yana bin bayan filasta.

A Satumban 2020 wani falle na filastar waje, ya kai faɗin tabarma, ya ɓalle ya faɗi da tsakar dare. Da gari ya waye aka ga abin da ke baya: bangon ya rarake, wani wuri zurfin ramin ya kai santimita 25, ga hanyoyin gara sun yi sama kamar jijiyoyi. Tsagar ciki a lokacin ta kai santimita 3.

Magada suka yi karo-karo aka gina ginshiƙai biyu na bulo a jingine da bangon daga waje, aka mayar da filastar. Ba a tona wa ginshiƙan tushe mai zurfi ba, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan aka ɗora su. Cikin damina biyu suka nutse suka ja baya, har yaro na iya zura hannu tsakaninsu da bangon. Tazarar ta zama wata sabuwar hanyar ruwa.

Agustan 2023: rufe zaure

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu. Labarin ya girgiza gidan, domin a zauren nan tsofaffin unguwa ke yin Magariba da Isha'i idan ana ruwa. Washegari na auna tsagar, santimita 6. Ƙasa na zubowa daga ƙafar bakan gizon gabas. Aka kwashe tabarmi, aka tokare bakan da itatuwa 4, aka buɗe wata ƙofa ta gefe don shiga gida.

Taron magada ya rabu biyu. Wasu suka ce a rushe a yi shaguna 4 na bulo, ga titi a kusa, haya za ta shigo. Wasu suka ce zauren nan a cikinsa aka ɗaura auren iyayensu, a cikinsa aka yi musu suna. Maganar masu shago ba ta banza ba ce: sau uku ana zuba kuɗi ba a ga amfani ba. Aka tsaya a kan a nemo maginin ƙasa ya duba bayan ruwa ya ɗauke, in ya ce ba ya gyaruwa a rushe.

Nuwamban 2023: abin da magini ya gani

An samo wani dattijo daga birnin Zariya, ya zo da yaransa biyu. Bai fara da tsagar ba. Ya kewaya bayan gida, ya tsaya a kan titi ya dubi gindin bango, ya sa aka zuba bokitin ruwa a gefen kwalta, muka bi shi da ido har ya je ya kwanta a jikin bangon. Sannan ya ɗauki ƙotar fartanya ya bi filastar yana ƙwanƙwasawa. Inda ta kama, ƙarar a toshe take. Inda ta rabu da ƙasa, sai ka ji kamar ganga. Ya riƙa zana da'ira da gawayi, kafin ya gama fiye da rabin bangon gabas ya zama da'ira.

A rufi ya ɗaga ledar. Watanni biyu da ɗaukewar ruwa, ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan damƙam, ka matsa ta dunƙule. Ya tona wajen ƙafar baka ya zaro guntun azara ya murje shi da yatsa.

Kawu Babba, wanda ya yi filastar 1975, yana tsaye da sandarsa. Ya ce, "Malam, simintin nan ni na sa shi. Faɗa mini gaskiya."

Magini ya ce, "Alhaji, bangon ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. An rufe masa baya, an rufe masa ciki, an sa masa hula ta leda, ga ruwa a ƙafa. Ta ina zai fitar?"

Hukuncinsa: zaure zai gyaru, don uku cikin ƙafafu huɗu na bakan gizon lafiyarsu ƙalau, tsakiyar bangon kuma da sauran ƙarfi. Benen kan shigifa kuwa ya ce a sauke shi, azararsa ta gama.

Disamban 2023 zuwa Mayun 2024: aikin

Ruwa aka fara kora. An tona magudana mita 1 daga bango, zurfin santimita 50, aka jera mata dutse aka ɗaure da siminti, ta kai ruwan lungun kudu inda ƙasa ta fi gangara. Tsakanin magudanar da bango aka cike da birji aka daɓe, da gangare zuwa waje. Ginshiƙan bulo aka rushe.

Sai cire filasta, ciki da waje, ba a lokaci ɗaya ba. Faɗin mita ɗaya ake ɓamɓarewa, a bar na kusa, a tsallaka. Aka kwashe ledar rufi. Daga nan magini ya tafi abinsa ya ce a bar wa hunturu aikin. Mako 8 bangon na tsaye tsirara, mummuna, duk ramuka. Wannan jiran shi ya fi komai tayar da hankalin magada, ana ta bugo mini waya ana tambaya ko mutumin ya gudu da kuɗi ne. A lokacin ne kuma, cikin Fabrairun 2024, buhun siminti ya haura naira 10,000, sai maganar shaguna ta yi sanyi da kanta.

Kafin ya tafi ya sa an haɗa ƙasa. Birjin daga tsohon kududdufin bayan gari aka ɗebo, inda dattawa suka ce nan aka ɗebi na asali. Aka jiƙa, aka zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki, aka tattaka, aka rufe ta ruɓa, bayan kwanaki a sake jiƙawa a sake takawa, har sau uku. Ƙasar rusasshen benen ma ba a zubar ba, an mayar da ita cikin kwaɓin. An mulmula tubali wajen 1,800, suka sha rana mako biyu.

Gindin bangon aka gyara gaɓa-gaɓa. A rarake ruɓaɓɓen wuri faɗin mita ɗaya, a jera marmara a ƙasa, a ɗora tubali, a bari ya bushe kafin a taɓa na gefensa. Layi biyu ko uku kawai ake ɗorawa a rana. Tsagar kuwa ba cika ta aka yi ba, ɗinke ta aka yi: an sassaƙa gurabe 5 a gicciye, kowanne aka kwantar da guntun azara mai tsawon mita ɗaya aka rufe da ƙasa.

Azara ta ba da wahala. Sabuwar da aka kawo daga kasuwar katako magini ya ƙi ta, ya ce ɗanyar giginya ce, farin ciki ya yi mata yawa, gara za ta ci. Baƙar nan mai nauyi ta tsohuwar giginya yake so. A ƙarshe daga wani kangon soro a unguwar aka sayi guda 40 da suka haura shekara 60 a rufi, ƙusa ma da ƙyar take shigarsu. Da su aka sake ɗaure ƙafar bakan gabas, tokaran na nan har aka gama.

Rufi aka sake masa ƙasa da gangare sosai. Indararo 4 aka sa, na kwano, kowanne ya leƙo santimita 70 daga bango, aka ajiye faffaɗan dutse inda ruwan ke sauka. Katsi kaɗan aka samo daga marinar Kano, bai isa rufin duka ba, don haka laso ya tsaya a rawani da bakin indararo. Sauran makuba aka yi, da ɓawon ɗorawar da ta nuna a bazarar. Dakalin gabas ya dawo. An cire tokara a makon farko na Mayu.

Daminar 2024 da bayanta

Magini ya shafa farar ƙasa siririya a kan ɗinkin, ya ce in bango ya motsa ita za ta fara faɗa. Na riƙa dubawa duk Juma'a. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ita ce ta ambaliyar Maiduguri, amma har Oktoba farar ƙasar ba ta tsage ba. Danshi ya taso a gindin bango kamar taƙi ɗaya a Agusta, ya bushe kafin ƙarshen Nuwamba. Rufi ya yi ɗigo wuri ɗaya, kusa da indararon arewa, aka toshe da kwano biyu na ƙasa. Makubar bangon gabas ta zaizaye sosai, wani wuri har ciyawar kwaɓi ta fito.

An koma salla a zauren. Bene ya tafi, haka zanen dagi da ke saman ƙofa, wanda ya biyo filasta ya faɗi, ba wanda ya ɗauki hotonsa kafin 1975.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Gyare-gyaren 2012, 2016 da 2020 duk wurin da ciwo ya bayyana suka bi, ruwan da ke kawo shi yana nan. Kuma kowannensu ya ƙara toshe hanyar bushewa. Siminti ba ya haɗa jiki da ƙasa, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka dole ya yi 'yan tsagogi. Ruwa na shiga ta tsaga cikin minti kaɗan, fitarsa kuwa sai ta dukkan fuskar bango, ita kuma an rufe. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɗaukar nauyi, gindi ya zauna, kusurwa ta tsage. Duhu da danshin bayan filasta kuma su gara ke so, ta yi shekaru tana aiki ba mai ganinta.

A ganina, cikin abu ukun da suka canja, titin ne ya fi saurin ɓarna, don filastar ta yi shekara 34 kafin shi ba a ga tsaga ba. Amma filastar ce ta ɓoye ɓarnar, ta kuma sa aka manta hawa rufi. Da bangon tsirara yake, zaizayar farko za a gani a yaɓe. Aikin 2024 ya yi nasara ne don ya bi tsari: korar ruwa, busarwa, sannan gini da irin ƙasar da bangon ya sani. Simintin da aka saya duka a magudana ya ƙare, kuma can ya dace.

Saura abin da ba na magini ba. Makuba ba ta wuce damina ɗaya ko biyu a bangon gabas, wato gyaran nan sai an maimaita ƙaraminsa kullum. Magada sun rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa: ɗakin waje ɗaya da ke kallon titi an mayar da shi shago, hayarsa ba ta shiga rabo, ta yaɓe ce, kuma mutum ɗaya aka ɗora wa kiran magini kafin ƙarshen Afrilu. Biyu daga cikin magadan ba su sa hannu ba, har yanzu suna kan ra'ayinsu na shaguna. A Afrilun 2025 an yi yaɓen farko a ƙarƙashin yarjejeniyar. Dattijon bai zo ba, ƙafa ta hana shi hawa tsani, ƙaramin yaronsa ya turo, aikin ya ɗauki kwana uku.